Kwalin da Aka Buɗe ta Ƙasa

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutun, ku bari in fara zagin kaina, na fi ku sanin inda zan taɓa ya yi zafi. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a shagon buga takardu, kuma shekara bakwai ke nan ina shan sigari babu wanda ya sani. Eh, ni mace. Eh, ni ɗin da Abbana yake kwance da roba a hanci saboda hayaƙi ya gama da huhunsa. Ku ajiye salatinku tukuna, za ku buƙace shi a gaba.

Abba bakanike ne, garejinsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ne tsakani. Tun ina 'yar shekara tara, in na taso makaranta can nake yar da jakata. In yana ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, sai in ji muryarsa: "Auta, kunna mini ɗaya." In ciro kara, in sa a bakina, in kyasta ashana, in ja sau ɗaya don wutar ta kama, sannan in durƙusa in saka masa a baki. Masu motoci su yi ta dariya, ni kuwa in yi ta jin kaina ya yi girma.

Kuma Abba ba ya buɗe kwali ta sama kamar kowa. Juya shi yake yi ya farke shi ta ƙasa, don in zai zaro da kansa, yatsunsa masu mai su kama wajen da wuta za ta ci, wajen da zai sa a baki ya tsira da tsabtarsa. Haka ya koya mini, haka hannuna ya saba. Umma ta hana ni zaman gareji da na fara girma, amma aikin gama ya riga ya gama. Ina shekara goma sha bakwai, ana gobe jarrabawa, na saci kara ɗaya a aljihun rigar aikinsa na shige bayi, kuma ko tari ban yi ba.

Shekara uku da suka wuce tarin Abba ya ƙi tafiya. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin fitila ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran. Yanzu mutumin da yake ɗaga giyar mota shi kaɗai, daga gado zuwa ƙofar bayi sai ya tsaya ya huta sau biyu. Magana ma guntu-guntu yake yin ta, kalma biyu ko uku ya tsaya neman numfashi. Tukunyar iska ce a gefen gadonsa, doguwa kamar mutum a tsaye, ita ke riƙe da shi.

Yaya, babban wanmu, shi ya gaji garejin, kuma tun ranar da ya ga hoton nan ya ɗaura yaƙi da sigari. Ya taɓa kifar da teburin mai sayar da ita a bakin layinmu. Ya taɓa shaƙe wuyan wani mai mota don ya kunna kara a jikin bangon ɗakin Abba. A ƙofar ɗakin da jan fenti ya rubuta: BA A SHIGA DA WUTA. Ba wai ba shi da gaskiya ba ne, an gaya mana wuta kaɗan kusa da tukunyar nan ta isa ta tashi ɗaki. Amma Yaya ko gaskiyarsa da hannu yake faɗar ta.

Sai kuma Dogo. Shi ke kawo mana tukunyar iska duk Litinin da Juma'a, ya ɗauke wadda ta ƙare. Umma tana ce masa Mai Silinda, ni na sa masa Dogo don sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. Wata takwas muna tare, har an tsayar cewa manyansa za su zo ƙarshen wata. Shi kaɗai ya kama ni, kuma ba da wari ba, don ni gwana ce: da maƙalin shanya nake riƙe kara kada yatsuna su ɗauka, ga turare, ga cingam, ga wani tsohon mayafi da nake ajiyewa a bayan shago don wannan aikin kawai. Wata rana ce na raka shi zuwa mota, na yi tari sau biyu, ya tsaya ya dube ni.

"Wannan tarin na san shi," ya ce. "Gida goma sha huɗu nake kai wa iska, duk da shi suka fara."

Na yi fushi, na yi rantsuwa, na yi kuka, sannan na faɗi gaskiya. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce shi ma shekara biyar ya yi yana sha kafin ya samu wannan aikin. Ya ce in zaɓi rana da kaina. Ya kai ni wajen wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta mini filastar da ake mannawa a dantse tana rage ƙwalamar. Ya sa na ƙona mayafin nan, na jefar da maƙalin, na daina fita ta ƙofar bayan shago. Ya ce in abin ya taso in sha ruwa mai sanyi, in tauna kanumfari, in dubi agogo in ba shi minti biyar, zai sauka da kansa. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashina: *Kwana ɗaya, jaruma.* *Kwana biyu.* *Kwana shida, yau kada ki ci kowa da faɗa.*

Abin da ban gaya masa ba, na bar kwali ɗaya. Na farke shi har na sha biyu kafin ranar da na zaɓa, sauran na cusa a cikin tsohon takalmina da ashana, a ƙasan durowa. Wai don in san yana nan. Duk mai sha ya san wannan ƙaryar.

Ranar Litinin ɗin nan kwana na goma sha ɗaya ne. Tun safe kaina kamar an ɗaure da waya. Injin shago ya cinye takardu, mai shagon ya yi mini tsawa a gaban mutane, na ce ba ni da lafiya na dawo gida da azahar. Na cire doguwar rigata mai ruwan toka, na sa ta zaman gida, na zauna a ƙasa gaban durowa takalmin yana kan cinyata. Na ɗauki waya na rubuta wa Dogo:

*Dogo, na yi maka ƙarya. Akwai kwali a ɗakina. Yana hannuna yanzu.*

Ko minti ɗaya ba a yi ba: *Kin kunna?*

*A'a.*

*To ba ki faɗi ba. Ina kwanar layinku da tukunyar Abba. Ki fito da shi ki ba ni.*

Na yafa mayafi na same shi a tsakar gida yana gangaro da tukunyar a kan ɗan kekenta. Umma tana kicin. Na zura masa kwalin da ashanar a aljihun gaban rigar aikinsa, shuɗiya mai gajeren hannu. Ya yi murmushi ƙasa-ƙasa ya ce, "Kin ga, ba ki mutu ba." Na harare shi, amma wallahi a lokacin ji na yi babu wanda nake so a duniya kamarsa.

Aljihun gaba. Da na sa a na wando, da ba ku karanta wannan ba.

Muka shiga ɗakin Abba. Yana jingine da filo uku, allurar agogon da ke nuna sauran iskar tsohuwar tukunyar ta kusa kwanciya. Dogo ya gaishe shi, ya ce, "Abba, minti biyu kawai, kamar kullum." Ya rufe tsohuwar, ya kwance kan agogon da robar take jiki, ya sunkuya zai jawo sabuwar. Daidai nan Yaya ya shigo daga gareji yana goge hannu da tsumma, sifana a aljihun baya, ya zo duba Abba kamar yadda ya saba. Daidai nan kuma kwalin ya zamo daga aljihun Dogo ya faɗi a kan tabarmar roba, ashanar ta biyo shi, tsinkayenta suka watse har ƙarƙashin gado.

Duk muka bi kwalin da kallo, ana jin ƙarar numfashin Abba.

"Mene ne wannan?" Yaya ya tambaya a hankali. Duk wanda ya san Yaya ya san ihunsa ya fi wannan muryar sauƙi.

Dogo bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Nawa ne, Yaya. Kuskure ne. Ka bari in haɗa wa Abba tukuna, sai mu yi magana a waje."

Bai rufe baki ba naushi ya same shi. Kansa ya bugu da ƙarfen gado, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Yaya ya damƙi wuyan rigarsa ya ja shi tsakar gida kamar buhu, maɓallai suna tsalle. "Ashana! A ɗakin ubana! Kai da aka ba amanar numfashinsa!" Ya haɗa shi da bango, ya ƙara masa a baki, ya sa gwiwa a cikinsa. Dogo ya fi shi tsawo, kuma mai ɗaukar ƙarfe ne kullum, da ya so ramawa da an ga abin da ba a so. Hannu kawai ya sa yana kare fuska yana cewa, "Abba... iskar Abba..."

Umma ta fito da ludayi a hannu tana salati. Da ta ji abin da ya faru sai ta dafe ƙirji. "Mai Silinda, ashe kai ma? Wallahi ba zan ba da 'yata ga mai shan wannan masifar ba. Na yi jinyar ɗaya, ba za ta yi jinyar na biyu ba. A gaya wa manyanka su yi zamansu."

Ni fa? Ina tsaye a bakin ƙofa, mayafi a baki. Ku zage ni a nan, nan ne wajen. Kalma biyu ce kawai, "nawa ne", amma harshena ya yi nauyi. Ina ganin jini yana bin haɓarsa yana ɗiga a kan shuɗiyar rigar, ina lissafin abin da Umma za ta ce, da abin da maƙwabta za su ce, da yadda Yaya zai yi da ni. Tsoro ne ya riƙe ni, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba shi.

Dogo ya dafa bango zai miƙe ya koma ɗakin. Yaya ya zaro sifana ya sauke masa a bayan hannun dama. Ƙarar da ta fita ba ta ƙarfe ba ce. Dogo ya durƙushe ya rungume hannun, karon farko ya yi ƙara.

Sai muka ji ana buga ƙarfen gado da kofi. Haka Abba yake kiranmu.

Na riga kowa shiga. Ya zamo daga kan filo, rabin jikinsa a waje, ya miƙa hannu ya ɗauko kwalin daga ƙasa. Yana riƙe da shi a juye. Saman yana nan a rufe da ledarsa, ƙasan a farke, daidai yadda ya koya mini a ƙarƙashin motocin mutane. Ya dubi kwalin, ya dube ni. Idonsa ya cika.

"Auta..." ya ce.

Yaya da Umma suna bayana. Na juya na ce, "Ba nasa ba ne. Nawa ne. Shekara bakwai ina sha. Shi yake taimakona in bari, yanzu na ba shi don ya jefar."

Ludayin Umma ya faɗi. Marin Yaya kuwa ban ga tahowarsa ba, sai dai na tsinci kaina a ƙasa, kunnena yana ƙara, bakina da ɗanɗanon jini da baƙin mai. Ya ɗaga hannu zai ƙara, Abba ya fizge robar daga hancinsa ya jefe shi da kwalin a ƙirji.

"Ni..." Ya nemi numfashi. "Ni za ka... doka." Ya buga ƙirjinsa da hannu. "Ni na... sa mata... a baki. Tana... shekara tara."

Hannun Yaya ya tsaya a sama. Shi ma yana garejin a shekarun nan, shi ma yana cikin masu dariya, na ga lokacin da abin ya dawo masa.

Sai Abba ya sulale. Leɓɓansa sun canja launi, sun yi duhu-duhu, bakinsa a buɗe yana jan abin da ba ya shiga. Sai a lokacin muka tuna. Minti biyun da Dogo ya ce sun zama goma ko fiye, tsohuwar tukunya a rufe, sabuwa ba a haɗa ba, kan agogon yana yashe a kan tabarma. Muna can muna faɗa a kan numfashinsa, mun bar shi babu iska.

Yaya ya yi tsalle zai ɗauki kan agogon, mutumin da ya saba haɗa injin mota a kwance.

"Kada ka taɓa!" Dogo ne a bakin ƙofa, a kan gwiwoyinsa, hannu a rungume. Ban taɓa jin ya yi tsawa ba sai ranar. "Hannunka duk mai ne! Mai da wannan iskar wuta suke yi! Matsa!"

Yaya ya dubi tafukansa, baƙi ƙirin har cikin farce. Ya ja da baya. Umma hannunta man girki ne. Dogo hannunsa ya kumbura, yatsu biyu sun karkace. Saura ni.

"Auta, ki dube ni. Hannunki da mai ko man shafawa?"

"Babu."

"Ɗauki kan. Ki daidaita bakinsa da bakin tukunyar. A'a, miƙe shi sosai. Murɗa da hannu har ya kama."

Kan agogon ya ƙi hawa daidai, na kwance na sake. Umma tana kiran sunan Allah tana riƙe da kan Abba. Hawaye ya hana ni gani, na goge da kafaɗa.

"Ya kama. Yanzu ga makullin a saman tukunyar. A hankali, kada ki fizga. Kaɗan... ƙara kaɗan."

Allurar ta miƙe tsaye. Ruwan 'yar kwalbar da ke jikin kan agogon ya fara tafasa da kumfa. Na ɗauki robar na durƙusa na saka wa Abba a hanci, na zagaya da ita bayan kunnuwansa. Durƙuson nan jikina ya san shi, irinsa nake yi a gareji in zan saka masa kara a baki. Na riƙe fuskarsa ina cewa, "Ja, Abba. Ja a hankali." Ya ja. Ya ƙara ja. Sai da aka daɗe kafin duhun leɓɓansa ya fara washewa, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ƙi saki.

Babu wanda ya ba wani haƙuri. Yaya ya fita, na ji yana wanke hannu a famfo, ya daɗe yana dirzawa. Ya dawo da makullin mota ya tsaya a kan Dogo, bai iya haɗa ido da shi ba. "Tashi mu je asibiti." Dogo ya ce sai ya ga Abba ya daidaita, kuma sai an kira likitansa. Sai da aka yi hakan ya yarda ya bi shi.

Umma ba ta ce mini komai ba. Ta share tsinkayen ashana ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da kwalin ta kai bayi ta zuba musu ruwa. Shirun nan nata ya fi marin Yaya ciwo.

Da la'asar ina gyara shimfiɗar Abba na ga kara ɗaya da ya gangara bayan ƙafar gado, tsintsiyar Umma ba ta kai gare shi ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na dunƙule shi a hannu. Kumatuna a kumbure, kaina yana sarawa, duk jikina yana roƙona. Na dubi agogon bango na fara ƙirga minti biyar ɗin Dogo. A minti na uku Abba ya buɗe ido ya miƙo tafin hannunsa. Na saka masa. Ya kasa karya shi da hannu ɗaya, sai na kama ɗaya gefen muka karya tare.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Dogo ne, duk kurakurai, da hagu ya rubuta: *Yatsu biyu sun karye, an ɗaure. Kwana goma sha ɗaya yana nan?*

*Yana nan,* na rubuta, ina kuka kamar wata sakara.

*Mamata ta zo asibiti. Ta tambayi Yaya, ya gaya mata komai. Ta fita ba ta ce mini uffan ba. Na kira ta ƙi ɗauka.*

Ban gama karantawa ba aka buga ƙofar gida, bugu uku masu ƙarfi. Na ji Umma ta buɗe, na ji muryar mace, ba ta amsa gaisuwa ba.

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina yarinyar da ɗana ya ba da hannunsa saboda ita? Wace ce mai sigarin?"

Umma ta fara kame-kame, tana cewa ai ba ta jin daɗi, ta kwanta. Ko a yanzu rufa mini asiri take yi. Ga ƙofar ɗakina nan kusa, taku huɗu ne in shige in murɗa makulli. Abba ya dube ni, ya nuna mini tsakar gida da haɓa.

Na fita ba mayafi, shatin yatsun Yaya a fuskata, ɓarɓashin taba a tafin hannuna. Doguwar mace ce, ita ta ba Dogo tsawonsa, tana riƙe da shuɗiyar rigar nan mai jini a dunƙule.

"Ni ce, Mama," na ce. "Ɗazu na yi shiru aka karya shi. Yanzu ga ni."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan kumatuna. Sannan ta miƙo mini rigar.

"Jini ba ya fita in ya kwana," ta ce. "Ɗauko ruwa da sabulu. Ki wanke a gabana, ina da tambayoyi."